Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Kantunan Magani Na Jiwa Da Shirin Ko-Ta-Kwana

Duk ɗan Arewa da ya taɓa hawo motar Ikko ko ta Anaca zuwa gida, in dai ta bi ta Lakwaja ta faɗo Zuba, to ya wuce kusa da Jiwa ko da bai sani ba. Garin yana bayan Dei-Dei ne, a wajen Gwagwa da Karmo. Tsohon gari ne mai sarkinsa, yana nan tun kafin Janar Murtala Muhammed ya kafa sabon Babban Birnin Tarayya cikin watan Fabrairu na 1976. A takarda, Jiwa ɗaya ce daga cikin mazaɓu 12 na ƙaramar hukumar birnin Abuja, watau AMAC, ƙaramar hukumar da fadar Shugaban Ƙasa take ciki. To amma a ƙauyukan da ke kewaye da ita zaman karkara ake yi sosai: ruwan rijiya da na 'yan garuwa, wutar lantarki mai zuwa sa'ad da ta ga dama, da hanyoyin da ke zama caɓi da zarar damina ta kankama.

A irin wannan wuri, in zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare, ba manyan asibitocin Kubwa ko Gwarinpa ake fara nufa ba, balle asibitin koyarwa na Gwagwalada. Ƙofar mai kemis ake bugawa. Shi ne a kusa, shi ne ya san mai gida, shi ne kuma zai yarda ya rubuta bashi har ƙarshen wata. Saboda haka tambayar da ta kamata masu karatu su yi, musamman waɗanda suka baro iyaye da iyali a gida suka taho neman abinci Kurmi, ita ce: ranar da wani bala'i ya auku, me za a tarar a kan kantar wannan ɗan kanti?

Kemis daban, famasi daban

Da farko ya kamata a bambance abu biyu da jama'a suke haɗawa. Akwai famasi, watau kantin da ke ƙarƙashin masanin haɗa magunguna wanda ya yi karatunsa a jami'a. Shi doka ta yarda ya ajiye maganin da sai da takardar likita ake bayarwa, kamar na hawan jini, da na farfaɗiya, da allurar insulin ta masu ciwon sukari. Sa'an nan akwai kemis, wanda lasinsa ƙarami ne. Abin da aka yarje masa shi ne magungunan yau da kullum a cikin kwalinsu na asali, irin su farasitamol, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da gishirin ORS, da ƙwayar zinc. Ba a yarda ya yi allura ba, ba a yarda ya yi ƙarin ruwa ba. Hukuma ɗaya ce ke ba su lasin duka biyu, watau PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022.

Masu famasi sun fi son cikin birni, inda masu albashi suke. Da mutum ya bar kwalta ya nausa ƙauye, sai famasi ta yi ƙaranci, kemis ya yi yawa. Wannan ya sa dattijon da ke shan maganin hawan jini a ƙauyen Jiwa yake da matsala biyu. Ko dai a hau babur a je neman maganinsa inda famasi take, ko kuwa mai kemis ya ajiye shi a ɓoye, alhali bai koyi yadda ake adana shi ko auna shi ba. A ranar lafiya ana lallaɓawa a haka. Ranar da hanya ta yanke ne asiri ke tonuwa.

Zare guda daga Kurmi

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, bala'in da ke kwashe magani daga kantin Jiwa ba lalle a Jiwa yake aukuwa ba. Sau da yawa can nesa yake faruwa, ruwan sama ko ɗigo bai taɓa rufin kantin ba.

Dalili kuwa shi ne hanyar da maganin yake biyowa. An ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a Nijeriya daga waje ake shigo da su, galibi daga Indiya da Sin. Wanda ake haɗawa a gida ma, sinadarinsa daga can yake zuwa. Jirgin ruwa ya sauke a Apapa, kaya su shiga hannun manyan dillalai na Idumota a Ikko da na kasuwar bakin gada a Anaca, daga nan a loda wa manyan motoci su nufo Arewa. Masu karatu da ke dako ko tuƙi a waɗannan kasuwanni sun fi kowa sanin wannan, don kuwa da kafaɗunsu ake ɗora katan-katan ɗin. Kuma ko daga Ikko motar ta taso ko daga Anaca, babbar hanyarta zuwa Abuja ita ce ta Lakwaja, inda Kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, ta haye gadar Murtala Muhammed a Jamata, ta wuce Koton Karfe.

Sau biyu a cikin shekara goma ruwa ya datse wannan hanya. A Satumba ta 2012 ambaliya ta shanye titin, motoci suka yi kwanaki a tsaye. A wannan shekara hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, watau NEMA, ta ce mutum 363 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan 2 kuma suka bar gidajensu. A Oktoba ta 2022 aka maimaita, har abin ya fi muni ta wajen rayuka: fiye da mutum 600 suka halaka. Ruwa ya hau titi a wajen Koton Karfe, tankokin mai suka kasa wucewa, layin man fetur ya dawo Abuja. Kowa ya ga layin mai, don a bakin titi yake. Amma motar da ta ɗauko maganin zazzaɓi ita ma tana cikin wannan jerin gwano, a lokacin da sauro ya fi yawa a shekara, kuma ba wanda ya ɗauki hotonta.

Wani zai ce ai akwai hanyar Ilori da Jebba da Mokwa da Bida. Akwai ta, amma direbobi sun san halinta. Ita ma a ƙarshen Mayu na 2025 ambaliya ta auka wa garin Mokwa da asuba, ta kashe mutum fiye da 150, ta lalata hanya. Game da ruwan Binuwai kuwa, tun da Kamaru ta gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982 ake maganar Nijeriya za ta gina tata a Dasin Hausa, cikin Jihar Adamawa, don ta tare ruwan da ake sakowa. Shekara 40 da ɗoriya ke nan ana maganar.

Mai kemis na ƙauye ba shi da jarin da zai tara kayan wata uku. Abin da ya sayar yau da shi zai saro na gobe. Yawanci kayan mako ɗaya ko biyu ne a kantarsa. In dillalin da yake saro wa a cikin gari ya ce kaya ba su iso ba, ko ya ninka kuɗi, to magana ta ƙare.

Bala'in da ba ruwa ba iska

Ba ambaliya kaɗai ke yanke wannan zare ba. A ranar 3 ga Maris 2020, da cutar korona ta fara bazuwa, Indiya ta taƙaita fitar da sinadarai da magunguna iri 26, a cikinsu har da farasitamol da metronidazol, wanda jama'a suka fi sani da Flagyl. A ranar 30 ga watan Gwamnatin Tarayya ta rufe Abuja da Ikko, ta hana fita. An ce masu sayar da magani ba sa cikin dokar, amma ɗan acaɓan da zai kai mai kemis wajen sari yana ciki.

Sai kuma ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, bayan Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya canza fasalin kuɗi. Wannan ya bugi kantunan ƙauye ta inda ba a zata ba. Mai ciwo yana da kuɗi a banki amma ba ya iya cirowa, tura kuɗi ta waya yana maƙalewa, masu POS sun tsawwala lada. Mai kemis ya ba da magani bashi don kunya da zumunci, shi kuwa dillali ba ya karɓar zumunci. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, littafin bashi ya cika, kanta ta zama fayau. A cikin shekarar ne kuma aka cire tallafin mai, darajar Naira ta faɗi, kamfanin GSK ya sanar a watan Agusta cewa zai daina harkarsa kai tsaye a ƙasar. Masu ciwon asma da ke shaƙar Ventolin ba za su manta da yadda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo ba.

Har gyara ma yakan zo da nasa ciwon. A Fabrairu ta 2024 hukumomi suka rufe kantunan sarin magani na Sabon Garin Kano, suka tilasta wa dillalai komawa sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro, kan hanyar Zariya. A Fabrairu ta 2025 kuma hukumar NAFDAC, a ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta rufe kasuwannin magani na Idumota da Anaca da Aba a lokaci guda, ta kwashe motoci da yawa na jabu da wanda wa'adinsa ya wuce. Aikin ya dace, ba mai hankalin da zai yi jayayya. Amma ta Anaca ta yi makonni a rufe, kuma duk ɗan kantin da ke rataye da waɗannan kasuwanni sai da ya ji a jikinsa.

Wata guda bayan haka, a Maris ta 2025, ma'aikatan ƙananan hukumomin Abuja shida suka shiga yajin aiki a kan batun mafi ƙanƙantar albashi na Naira 70,000. Malaman firamare ne aka fi jin labarinsu, amma har da ma'aikatan ƙananan asibitoci na matakin farko, aka kuma shafe wajen wata 3. A wannan tsakani mai ciki da mai goyo da ba su da kuɗin asibitin kuɗi ba su da wurin zuwa sai kemis. Nauyin da doka ba ta ɗora masa ba, yajin aiki ya ɗora masa.

Amai da gudawa

In akwai inda shirin mai kemis yake raba rai da mutuwa a cikin sa'o'i kaɗan, to kwalara ce. Cutar ba baƙuwa ba ce. Ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, a 1991 ta kashe fiye da mutum 7,000. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu. Abuja ba ta tsira ba a wannan shekara, cutar ta ɓulla a ƙananan hukumomin AMAC da Bwari da Gwagwalada, a unguwannin bayan gari inda ruwan famfo na madatsar Usuma bai kai ba. Mazauna Ikko kuma sun ga tasu a Yuni ta 2024.

A duba waɗannan alƙaluma na 2021 da kyau. Mutum 3 ne da ɗoriya suke mutuwa a cikin kowane 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce in an ba da kulawar da ta dace a kan lokaci, bai kamata a kai ko mutum 1 cikin 100 ba. Wannan tazara, yawancinta a gida da kan hanya take faruwa, kafin a isa asibiti. Abin da ke kashe mai kwalara shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma mafi yawan masu ita ruwan ORS kaɗai ya ishe su in an fara da wuri. Ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ba fashi, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In babu na kanti, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaro kuma a haɗa masa da ƙwayar zinc har kwana 10 zuwa 14.

Abin takaici, ORS ba shi da riba, don haka ba shi ne ke cika kanta ba. An fi son a haɗa wa mai gudawa Flagyl da kafso, don shi mai saye ma gani yake ba a ba shi magani ba in ruwan gishiri aka miƙo masa. Wani kuma sai ya kwantar da mara lafiya a bayan kanti ya ɗaura masa ruwa, a ɓata sa'o'in da ya kamata a ce ana kan hanyar asibiti. Mai kemis da ya san aikinsa, abin da zai yi uku ne a haɗe: ya fara ba da ORS nan take, ya tura wanda idonsa ya faɗa ko ya kasa sha zuwa asibiti ba jinkiri, sa'an nan in ya ga mutum uku ko huɗu daga unguwa ɗaya da gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko ya buga lambar NCDC ta kyauta, 6232. Shi ne yake fara ganin annoba, kwanaki kafin ta shiga rahoton kowane ofis. Katan ɗaya na ORS da zinc da maganin tsabtace ruwa, in an ajiye tun watan Mayu, ba zai karya jarin kowa ba.

Zafi, duhu da laima

Ko kaya sun iso lafiya, sauran adanawa. Yawancin ƙwayoyi an rubuta a kwalinsu kada zafi ya wuce digiri 30. A watan Maris kuwa zafin Abuja yakan doshi 40 a waje, balle a cikin shagon kwano marar silin, ko kwantena da aka yanka wa ƙofa. Sau da yawa magani ba ya wari in ya lalace, ba ya canza kama, ƙarfinsa ne ke raguwa. Mai ciwo ya sha bai warke ba, sai a ce ciwon ne ya yi tsanani, ko kuwa a ce sammu ne.

Insulin kuma sanyi yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Babban layin wutar ƙasa ya faɗi fiye da sau 10 a 2024 kaɗai, ban da ɗaukewar yau da kullum, man janareto kuma ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. Famasi da ke ajiye irin wannan kaya ba tare da firjin sola da ma'aunin zafi ba, caca take yi da ran mutane. Ga mai ciwon sukari a gida kuwa akwai ɗan sauƙi. Wani bincike da Jami'ar Janiba da ƙungiyar likitoci ta MSF suka fitar a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna kwalbar insulin da aka fara amfani da ita tana riƙe ƙarfinta har mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Wannan ba izini ba ne na a jibge shi a kanti wata da watanni. Amma yana nufin ɗaukewar wuta ta kwana biyu ba dalili ba ce ta daina allura.

A nan dabarar gida tana da amfani. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Don tumatir da yalo ya yi ta, amma a ƙasashe masu zafi ana amfani da irinta wajen ajiye insulin, a sa kwalbar cikin roba mai murfi don kada ta jiƙe. Sai dai ta fi aiki da rani sa'ad da iska take a bushe. Da damina sanyinta kaɗan ne.

Ruwa kuwa in ya shiga kanti, abin da ya taɓa ya tafi. Mutanen Maiduguri sun ga haka a ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Kasuwar Monday har da asibitin koyarwa. Jarabawar da ke biyo baya ita ce a shanya kwalaye a rana a mai da su kanta, don asarar ta yi wa mai ita nauyi. Maganin wannan tun kafin ruwan ne: kada katan ya kwana a ƙasa, kanta ta ɗaga, a gyara rufi kafin ruwan farko, a share kwatar da ke gaban shago, kuma wanda wa'adinsa ya fi kusa shi za a fara sayarwa.

Kasuwar 'yan jabu

Duk inda magani ya yi ƙaranci, tsoro kuma ya yi yawa, nan ɗan jabu yake kafa rumfa. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Jamhuriyar Nijar, an yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 2,500 suka mutu. A 2020, da aka yaɗa cewa kulorokwin yana maganin korona, kuɗinsa ya ninka, aka kwantar da mutane a Ikko saboda sun sha fiye da kima, kafin wata guda kuma aka kama na jabu a Nijar da Kamaru. Mai kemis da dillalinsa ya ce babu kaya, sai ga wani baƙo a kan babur da katan a farashi mai sauƙi, to a nan ake gane wanda ya san darajar lasinsa. Tun 2010 NAFDAC ta fito da tsarin kankare lamba a jikin kwali a tura ta waya don a tabbatar da ingancin wasu magunguna, musamman na zazzaɓi. Minti ɗaya ne, amma mutum nawa ke yi?

Wa ke kiran mai kemis taro?

Hukumomi dai akwai su. An kafa NEMA a 1999, Abuja kuma tana da nata sashen agajin gaggawa. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, tana nan a Idu, maƙwabtan Jiwa. Amma in an zauna shirin ko-ta-kwana, maganar buhun shinkafa da katifa da kwanon rufi ake yi. Ba kasafai ake jin an gayyato masu kemis ba. Hukuma takan tuna da su ne ranar da ta zo da kwaɗo ta rufe shagon da ba shi da lasin. Rufewar tana kan hanya, amma rabin aiki ne.

Sauran rabin ba mai tsada ba ne. Masu kemis suna da ƙungiyarsu, NAPPMED, mai rassa har unguwa-unguwa, masu famasi kuma suna da ACPN. An riga an gwada horar da masu kemis tare da raba su mataki-mataki bisa iliminsu a jihohin Ikko da Kaduna, ƙarƙashin PCN. Ba abin da zai hana reshen ƙungiya na mazaɓa ɗaya ya haɗa kuɗi ya yi sari tare kafin damina, ya san wace famasi ce mafi kusa mai firji, ya ajiye lambar jami'in lafiya da ta direban da zai fita da dare. Fadar sarki da masu unguwanni, waɗanda dama su ake kira in za a yi rigakafin shan inna, sun isa su tara wannan zama.

Akwai kuma darasi daga Japan. Da girgizar ƙasa da igiyar ruwa suka auka musu a ranar 11 ga Maris 2011, asibitoci da takardunsu suka tafi. Waɗanda aka fi saurin taimaka wa su ne masu riƙe da ɗan littafin da ake rubuta wa kowane mutum magungunan da yake sha. Da ganin littafin, sai a ba shi irinsa ko madadinsa. A ƙauyukan Arewa kuwa sau nawa ake zuwa kanti a ce a ba da “ƙaramar farar nan ta Baba”? Littafin makaranta na 'yan Naira kaɗan ya isa: sunan magani, ƙarfinsa, sau nawa a rana, da ranar da zai ƙare.

Rabon na Kurmi

Kuɗin maganin da ake sha a garuruwa irin su Jiwa, da yawansa daga Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal yake fitowa. Don haka mai aikowa yana da ta cewa. Al'adar da aka saba ita ce sai an bugo waya an ce maganin Inna ya ƙare jiya, sa'an nan a fara neman abin turawa. Mai hawan jini ko farfaɗiya ko ciwon sukari kuwa ba a son ya yi fashin ko kwana biyu, don shanyewar ɓarin jiki ba ta jiran hanya ta buɗe. Wanda Allah Ya hore masa, gara ya tura na wata biyu a haɗe sau ɗaya, daga nan a riƙa sayen sabo tun da sauran na wata guda a gida. Ya sa a ɗauko masa hoton kwalin ta WhatsApp, ya ga sunan, da lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar wa'adi. Ya tambaya ko kantin da ake saye yana da lasin a rataye.

Wasu sukan ga ya fi araha su saya a Ikko su ba da saƙo a mota. In za a yi haka, a saya a famasi mai rajista, ba wajen mai talla a tasha ko cikin bas ba, kuma a tuna cewa kwana biyu a but ɗin mota ko a saman lodi cikin rana ya isa ya kashe insulin da magungunan ruwa na yara.

Lokacin yin duk wannan sananne ne. Ruwa yakan sauka a Abuja cikin Afrilu, ya yi ƙarfi a Agusta da Satumba. Kamaru takan saki ruwan Lagdo a tsakanin waɗannan watanni biyu, ya ɗauki kwanaki kafin ya iso Lakwaja. Duka yankewar hanya biyu, ta 2012 da ta 2022, tsakanin Satumba da Oktoba suka faru. Watau Yuni da Yuli su ne watannin sari da aike, tun motoci suna haye gadar Jamata ba tare da tsayawa ba.